Ranar da Inna Ta Juya Baya

Auta, gyara zama ki rubuta, kuma kada ki tausasa mini magana. Abin da na faɗa da zafi ki sa shi da zafinsa. Na so in fara ba ku labarin aurena ne a wannan babi, amma fim ɗin nan da Nazar ya yi ya tsaya mini a maƙogwaro, ya kuma shiga tsakanina da babban ɗana. Tun ranar da muka kalle shi a gidan yayanku a Sinnar, bai sake tako ƙafa garin nan ba, shi da Juma'a ba ta wuce shi. In na aika a tambaya, sai a ce aiki ne ya yi yawa a kanti. Ni ba yarinya ba ce. Na san abin da ya gani a fim ɗin, na kuma san wadda ta faɗo masa a rai da ya gani.

Ga waɗanda za su karanta bayan ba ni, Nazar jikan ƙanwata Ladi ne. A Hartum aka haife shi, can ya yi karatun harkar fim, Hausar bakinsa kuwa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, su ma sai ya murɗe su. Shi ne ya tsinto wani tsohon fim baƙi da fari, ɗan gajere, wanda aka ɗauka a tsakar gidanmu ina budurwa, ya ce zai sabunta shi. Ya sabunta kuwa. Ya ja shi ya yi tsawo, ya zuba masa launi da kiɗa, ya ɗauki mahaifiyata, matar da ban taɓa ganin mai son 'ya'ya kamarta ba, ya mai da ita muguwar uwa mai korar ɗanta. Ina nan da raina, haƙorana ne kawai suka zube, amma yaron nan bai ga ya dace ya hau mota ya zo ya tambaye ni ba. Tir da wannan aiki!

Bari in faɗa muku yadda aka yi. Shekarar da nake magana a kai ita ce shekarar da tsutsa ta cinye auduga a wajen Wad Haddad. Baba ba shi da hawasha tasa, wato gonar ban ruwa irin ta yankin Jazira, don irinmu Hausawa baƙi ba a cika ba mu ba. Ta wani Balarabe yake nomawa a raba amfani. Da auduga ta lalace, ba abin da za a raba sai haƙuri. Dawa ma ba ta yi abin kirki ba. Gidanmu da ya saba da hayaniya ya yi tsit. Baba ya koma zaman zaure da rediyonsa a kunne, yana tsaki shi kaɗai. Inna ta fara tsinka kunu da ruwa tana ce mana wai ya fi daɗi a haka. Yaya Ummaru kuwa, babban yayanmu, saurayi ne mai ƙarfi, ga budurwa yana nema, ga hannu ba komai. Sai ya ji labarin 'yan uwanmu masunta da ke can kudu gaba da Abu Na'ama, a bakin babban kogi, wai kifi na nan kamar a kwasa da kwando. Ya ce zai bi su.

To, ku buɗe kunne a nan, don a nan Nazar ya faɗa rami. Yaya Ummaru ɗan fari ne. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Haka Inna ta tarar, haka uwarta ta yi a kan hanyarsu ta zuwa nan tun daga ƙasar Hausa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan" ko "yaron ga". Akwai wani mai sayar da gawayi a garinmu mai irin sunan, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take ce masa. Amma ni nake kai wa Yaya abinci, na san abin da ke ƙarƙashin tuwonsa. In an sami kifi guda a gidan nan, tsokar tsakiya tana can binne a kwanonsa, mu kuma mu yi ta fama da kai da ƙaya. In ya yi zazzaɓi Inna ba ta leƙa ɗakin, sai dai ta aike ni sau babu iyaka, ni ce kai jiƙo, ni ce dubo ko ya yi gumi, har ƙafafuna su gaji. Kowa a garin ya san wannan, yaro da babba. Ba wanda yake bukatar a yi masa bayani.

Baba ya ƙi tafiyar. Ya ce ruwan kudu ba irin na tur'a ba ne, wato magudanar da muka saba wanka a ciki, kuma shi bai haifi masunci ba. Aka yi ta ja, Yaya ya daina cin abinci sosai, ya rame. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, Inna ta tsaya a bakin zaure, ba ta shiga ba, ta yi magana kamar da bango take.

"Malam, tsuntsun da ya yi fiffike ba a ɗaure shi da zare. Yaron ga shina ƙonewa a tsaye, kana gani."

Baba ya kashe rediyo.

"Ke ce da bakinki kike cewa ya tai?"

"Ni ce. Ka sa mashi albarka."

A rayuwata ban taɓa jin ta tsaya wa Yaya a fili ba sai ranar. Kunya ta karya ta yi wannan magana, don ta ga ɗanta na mutuwa da zaman banza. Wannan ita ce maganar da Ladi, wadda lokacin ba ta fi a goya ta ba, ta girma tana ji ana cewa "ai uwar ce ta ce ya tafi", ta ba jikanta guntun zance, shi kuma ya gina gida a kai.

Ana cikin shirin tafiyar sai ga wani mutumin birnin Madani da mota da kyamara mai ƙafa uku, da abokin aikinsa mai ɗaukar murya. Ustaz muke ce masa. Yana yin fim ne a kan samarin da ke barin ƙauyuka neman aiki a shekarar, mai gari ya nuna masa gidanmu. Baba ya yi ta gunaguni, daga baya ya yarda. Ranar tafiya Ustaz ya kafa kayansa a tsakar gida, ya zo gaban Inna da ladabinsa, ya yi mata bayani da Larabci. Yana so in Yaya ya ɗauki ƙunshinsa ta rungume shi, ta kira sunansa, in hawaye ya zo ta bar shi ya zuba. Inna tana jin Larabci sarai, amma sai ta juya wajen Baba ta amsa da Hausa.

"Ka gaya mashi, in fim ɗin nashi sai da wanga abu, ya naɗe kayanshi tun rana ba ta yi zafi ba."

Yaya ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Baba ya ja Ustaz gefe ya yi masa bayani. Mutumin nan, Allah ya jiƙansa in ya mutu, ya shafa gemu, sannan ya ce kalas, shi ke nan, kowa ya yi abin da zai yi in da ba kyamara. Ya tambaya, aka gaya masa, ya ji. Abin da ya gagari ɗan cikin gida ke nan.

Ga abin da ke cikin tsohon fim ɗin, ba ƙari ba ragi. Inna tana tsaye a gaban turmi, ta ba ƙofa baya, tana daka. Lori na ta hon a bakin hanya. Yaya ya zo ya durƙusa a bayanta.

"Inna, zan tafi."

"Allah shi tsare. A riƙe salla."

Ba ta juyo ba, taɓarya ba ta tsaya ba. Ya ɗan jima a durƙushe, ya tashi, ya saɓa ƙunshinsa ya fita. Ustaz bai bi shi da kyamara ba. Ya bar ta a kan bayan Inna, tana daka, tana daka, ba kiɗa, ba mai magana. Shi ke nan wurin. Abin da ido bai nuna ba kunne ya ɗauka, domin turmin nan ba ko ƙwayar hatsi a cikinsa. Ɗan geron da ya rage mana ta riga ta dake shi tun jiya ta yi masa guzuri, ta ba ni na cusa a ƙunshinsa. Turmi wayam take daka, abin da in mu muka yi da wasa sai ta make mu, don kawai ta sami inda za ta ajiye fuskarta. Duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san ƙarar turmi mai hatsi, ta san ta wanda ba komai. Na raka Yaya bakin lori. Ya sa ƙafa ɗaya a kan taya, ya juyo ya dube ni, idanunsa sun yi ja.

"Kulu, kin ji turmin nan? Koma ki karɓe mata taɓaryar kafin ta fasa shi."

Ya sani. Ku rubuta wannan da babban baƙi. Ya tafi yana sane.

Bayan wasu watanni motar sinima ta zo ta haska fim ɗin a bangon makaranta bayan magariba. Gari ya fito kaf, ban da Inna. Da aka zo wurin dakan, maza suna ta surutu, sai wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wayyo, turmin ba komai!" Kafin ka ce me, ɓangaren mata ya rikice da kuka. Ba wanda ya ce muguwa. Washegari mata suka yi ta shigowa gidanmu, ba mai ambaton fim, kowacce dai ta gaida Inna ta ɗan zauna ta tafi. Da damina ta yi nisa kogi ya cika, kwale-kwalen su Yaya ya kife, aka sami sauran, shi gawarsa sai bayan kwanaki. Can aka binne shi. Ko a zaman makoki Inna ba ta yi kururuwa ba. Ita ke ɗebo wa masu gaisuwa ruwa, in an ce mata sai haƙuri ta ce a yi wa Malam. Amma daga ranar zanenta ya fara yi mata yawa, kuma ba ta sake cin kifi ba har ta koma ga Allah. Baba bai taɓa ce mata ke kika ce ya tafi ba. Ba ta bukatar a gaya mata, ita ke gaya wa kanta.

Yanzu ku zo ku ga abin da Nazar ya yi da wannan. Aka tara mu a falon yayanku, aka dafa jabana, gahawarmu ta nan, yara na ta murna wai za a ga tarihin gidanmu. Tun daga farko na san an yi ɓarna. Gidan da suka nuna wai namu ne, bango fes kamar asibiti, ga tukwane sababbi an jera ba wadda ta taɓa ganin wuta. Matar da suka sa a matsayin Inna, ya salam! Gira a zane, farce dogo, hannu sumul, wannan ko kara ba ta taɓa karyawa ba balle ta tsinci auduga. Taɓaryar ma riƙon sanda take yi mata. In za su yi Hausa sai su jefo kalma guda a karkace don a yi dariya, sauran duk Larabci. Duk wannan na haɗiye, na ce yaran zamani ne. Sai aka fara nuna matar nan tana harare-harare. Yaron ya gaishe ta, ta tsuke baki. Ya miƙo mata abu, ta kau da kai tana tsaki. Aka ƙirƙiro wani wuri inda take ba ƙannensa nama shi ta tura masa ƙanzo. Ƙanzo! Ni da na ɗauki kwanon nan da hannuna shekara da shekaru! Ranar tafiya kuwa ita ce ta jefo masa ƙunshinsa waje tana nuna ƙofa da yatsa. Sannan aka zo wurin turmin, don wannan wurin bai cire shi ba, ya ga yana da kyau a hoto. Ya cika turmin da dawa fal har tana zuba, ya kawo fuskar matar kusa tana murmushin mugunta, ya danna wani kiɗa mai kuka a kai har ba ka jin dakan sam. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba saurari daka. Shi ya toshe dakan da goge.

Ban iya jira an gama ba. Na ce a kira mini shi a waya. Ya ɗauka da fara'arsa, yana jiran yabo, yana ce mini Haboba, wato kaka da Larabcin nan.

"Haboba, kin gani? Ya yi kyau?"

"Uban wa ya ce maka ta jefa masa kaya?"

Ya fara kame-kame. Wai ai fim ne, dole a ƙara gishiri. Wai ya kalli tsohon sau da yawa, matar ba ta dubi ɗanta ba, ba ta kira sunansa ba ko sau ɗaya, to me mai kallo zai fahimta? Wai mutanen yanzu suna son a nuna musu dalili. Wai kuma fim ɗin yana magana ne a kan raunin da iyaye ke bar wa 'ya'ya, abu ne mai muhimmanci.

"Raunin gidanku!" na ce. "Ka tono mata kabari ka shafa mata baƙi, kana gaya mini muhimmanci? Baƙo ya zo daga Madani ya tambaya. Kai jininta ne, me ya hana ka?"

Ya ce ma'alesh, wai a yi haƙuri. Ma'alesh! An nuna wa duniya, yara sun haddace, a kasuwar Sinnar ana nuna jikokinta ana cewa ga dangin matar nan, shi kuma ma'alesh. Na miƙa wayar kafin in faɗi abin da zan yi istigfari a kai.

Da a nan abin ya tsaya da na shanye. Amma sai 'yar yayanku, Rimaz, yarinya mai wayo, ba da mugunta ba, ta dube ni ta ce da Larabci:

"Haboba, ai ke ma ban taɓa jin kin kira sunan Baba ba."

Na duba wajensa. Ni da ba na kallonsa, ranar na kalla. Yana juya kofin jabana a hannu. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

"Ku ƙyale ta," ya ce. "Abin a jini yake."

Ya tashi ya shige ɗaki. Da safe ya sa direba ya mai da ni gida.

To, yanzu da kai nake, kai babban. Na san Auta za ta kai maka wannan, na kuma san za ka karanta ko don ka ga me tsohuwa ta ce. Ina fushi da kai fiye da yadda nake fushi da Nazar. Shi bai sani ba, kai fa? Furfura ta fito maka a gemu, sai akwatin talabijin ne zai gaya maka wace ce uwarka? Na sani, tun kana ƙarami aka kai ka makarantar kwana a Madani, ka ga iyayen abokanka suna zuwa suna rungume su suna ya waladi ya habibi, wato ɗana masoyina, taka kuwa ta tsaya daga nesa ta aiko ƙanwarka da ƙunshi. Ban san abin ya zauna maka a ciki haka ba, wallahi ban sani ba, don a garinmu ba a taɓa bukatar faɗa ba. Amma wa kake tsammani ya sayar da awakinsa aka kai ka makarantar? Ba gori nake maka ba, Allah ya kiyaye. Tambaya nake, tunda kai ma ba ka tambaya ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifinku. Bayan rasuwar Yaya da 'yan watanni, wata rana da azahar Inna ta tafi wanki tur'a ta manta sabulu, na bi ta da shi. Ba kowa a wurin, rana ta kori mutane. Na iso ta bayanta, ba ta ji tafiyata ba. Tana durƙushe a bakin ruwa, hannuwanta a ciki, ba ta wanke komai. Sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai taɓa ƙuna:

"Ummaru."

Ta saurara, kamar za a amsa. Ruwa na ta wucewa abinsa. Na ja da baya a kan yatsun ƙafa, na koma gida da sabulun a hannuna, na ce ban gan ta ba.

A duk tsawon rayuwata sau ɗaya ke nan na ji uwa ta kira sunan ɗan farinta, kuma yana cikin ƙasa. Da aka haife ka aka raɗa maka suna, aka miƙo mini kai, na buɗe baki in gwada a ɓoye, sai na ji muryar Inna a bakin tur'a, na rufe bakina. Mutane suka ce Kulu akwai kunya, ta gado uwarta. Kunyar tana nan, ban musa ba. Amma tsoron ya fi ta yawa. Ɗazu Auta ta ajiye alƙalami ta ce in faɗa kawai ta rubuta a wuce wurin, na ce ta kiyaye ni, ko a takardar nan kada ta sa shi.

Ka yi fushinka, ka gama, ka zo. Ka zo ran Juma'a ka zauna inda ka saba zama, in ba ka baya in yi ta faɗa da jikoki kamar ban san ka shigo ba. Ni dai roƙona wajen Allah guda ne, safe da yamma: in mutu ban kira sunan nan ba, kai ne za ka tsaya a kaina ka kira nawa.